Clash of the Titans (fim ɗin 2010) da ra'ayoyin masu kallo

Clash of the Titans fim ne na faɗa da jarumtaka da kamfanonin Warner Bros. da Legendary Pictures na Amurka suka fitar ranar 2 ga Afrilun 2010. Louis Leterrier, ɗan ƙasar Faransa, shi ne darakta. An gina labarin a kan tatsuniyar Girkawan dā ta Fasiyus, jarumin da ya fille kan Madusa, dodanniya mai gashin macizai wadda duk wanda ya haɗa ido da ita yake zama dutse, kuma maimaici ne na wani fim mai wannan suna da ya fito a 1981. Tsawonsa minti 106. An kashe masa kimanin dala miliyan 125, ya kuma tara kusan dala miliyan 493 a gidajen sinima na duniya. Duk da wannan ciniki, ya yi ƙaurin suna a matsayin fim ɗin da jama'a suka yi tururuwa suka kalla, suka fito suna ƙorafi.

Labarin

Wani masunci ya tsinci Fasiyus yana jariri cikin akwati a teku, ya rene shi. Da ya girma, Hedis, wanda Girkawa suka ɗauka ubangijin duniyar matattu, ya kifar da jirgin ruwan iyalin, kowa ya halaka sai shi. A birnin Argos kuwa mutane sun yi wa allolinsu tawaye, har sarauniya Kasiyofiya ta yi taƙamar cewa 'yarta Andiromida ta fi su kyau. Sai Hedis ya gindaya sharaɗi: ko a miƙa gimbiyar hadaya ga dodon teku mai suna Kiraken kafin husufin rana, ko a shafe birnin. Nan ne Fasiyus ya gano cewa shi ɗan Ziyus ne, sarkin allolin Girkawa. Ya fita da ayarin sojoji, suka gwabza da kunamai masu girman ɗaki, suka je wurin mayu uku masu ido ɗaya tsakaninsu, suka tsallaka kogin matattu, daga ƙarshe ya dawo da kan Madusa ya mayar da dodon dutse.

Sam Worthington ne Fasiyus, Liam Neeson Ziyus, Ralph Fiennes Hedis. Gemma Arterton ta fito a matsayin Iyo, matar da ke yi wa Fasiyus jagora, Alexa Davalos Andiromida, Mads Mikkelsen kuma Dirako, shugaban sojojin. Ramin Djawadi ya yi kiɗa. An ɗauki wasu sassa a tsibirin Tenerife na Sifaniya da kuma yankin Wales na Birtaniya.

Abin da alƙaluma suka nuna

A ƙarshen makonsa na farko, wanda ya dace da hutun Ista, fim ɗin ya tara dala miliyan 61 a Amurka da Kanada. Jimillar abin da ya samu a can ta kai kusan miliyan 163, ragowar miliyan 330 daga sauran ƙasashe ta fito, wato kashi biyu cikin uku na kuɗin daga waje ne.

Masu sharhi a jaridu ba su raga masa ba. A shafin Rotten Tomatoes bai kai kashi 30 cikin 100 na masu yabo ba, Metacritic kuma ya ba shi maki 39 cikin 100. Talakawan masu kallo sun fi sassauci. Kamfanin CinemaScore, mai tambayar mutane ra'ayinsu a daren farko suna fitowa daga sinima, ya samu makin B a ma'aunin da ya tashi daga A+ zuwa F. Ga wanda bai san ma'aunin ba B kamar yabo ne, amma masu zuwa daren farko galibi masoya ne da suka ƙosa su gani, don haka B a bakinsu "ba yabo ba fallasa" ne. A IMDb makin masu kallo ya tsaya ƙasa da 6 cikin 10. Cikin 'yan tsirarun manyan masu sharhi da suka tsaya masa akwai Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times, wanda ya ba shi taurari uku cikin huɗu, amma ya shawarci masu karatunsa su kalle shi ba a tsarin 3D ba, wato wanda ake sa tabarau na musamman a ga hoton da zurfi kamar a zahiri.

Rigimar 3D

Mafi yawan ƙorafin a nan ya tattara. An ɗauki fim ɗin ne da kyamarar da aka saba, mai ido ɗaya. Sai Avatar ya fito a Disambar 2009, shi ma da Sam Worthington a gaba, ya kwashi kuɗin da ba a taɓa gani ba, kuma kaso mai tsoka ya fito ne daga tikitin 3D da ya fi na gama-gari tsada. Warner Bros. ya yanke shawarar juya nasa fim ɗin zuwa 3D bayan an gama ɗauka, ya ɗaga ranar fitowa daga 26 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu, aka ba kamfanin Prime Focus aikin ya gama cikin 'yan makonni.

Yadda ake aikin shi ne ya bayyana inda matsalar take. Ɗan'adam yana gane nisa da kusa ne saboda idonsa biyu ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. Fim ɗin 3D na asali da ido biyu ake ɗaukarsa. Idan kuwa juyawa za a yi, sai ma'aikata su zauna gaban kwamfuta su yanke kowane mutum da kowane dutse daga hoton, su sanya wa kowanne nisansa, sannan su ƙirƙiro hoton ido na biyu, su cike gurbin da ya buɗe a baya. Hotuna 24 ne a kowace daƙiƙa. Aiki ne na haƙuri, kuma gaggawa ba ta barin sa ya ɓoyu.

Abin da masu kallo suka yi ta bayyanawa kusan iri ɗaya ne. Mutum yana tsaye a majigi, fuskarsa a gaba, gashin ƙeyarsa kamar yana shawagi can baya shi kaɗai. Sojoji a jere kamar an yanko su daga kwali an kakkafa. Ga shi tabaran yana rage haske, fim ɗin kuma dama yana da wurare masu duhu, musamman kogon Madusa, sai ya zama ana jin ihu da ƙarar takobi ba a ganin wanda ya sari wani. Wasu sun ce sun cire tabaran a tsakiyar kallo ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba, alhali sun biya ƙarin kuɗi a ƙofa. Wannan ƙarin kuɗin shi ya mayar da rashin gamsuwa ya koma fushi.

'Yan masana'antar ma sun tofa. Jeffrey Katzenberg na DreamWorks Animation, wanda ya fi kowa tallata 3D a lokacin, ya soki aikin a fili, yana tsoron kada ya sa jama'a su tsani fasahar baki ɗaya. A 2013 Leterrier da kansa ya fito ya ce juyin ya yi muni, an yi shi ne don tatsar kuɗin masu kallo. Masu kyautar shaƙiyanci ta Golden Raspberry sun sa fim ɗin cikin jerin waɗanda suka fi wulaƙanta 3D a shekarar, sai dai The Last Airbender ne ya tafi da kambun.

Inuwar fim ɗin 1981

Rukuni na biyu na masu ƙorafi su ne waɗanda suka tashi da tsohon fim ɗin, wanda Desmond Davis ya ba da umarni, Harry Hamlin ya fito a Fasiyus, Laurence Olivier a Ziyus. Darajarsa tana ga Ray Harryhausen, wanda ya ƙera dodannin da hannu, 'yan tsana masu gaɓoɓin ƙarfe. Zai motsa hannun Madusa kaɗan ya ɗauki hoto, ya motsa kowane maciji na kanta kaɗan ya sake ɗauka, haka har daƙiƙa ta cika. Shi ne fim ɗinsa na ƙarshe. Madusarsa tana jan ciki a hankali cikin hasken wuta, kuma masoyanta suna cewa wannan jinkirin ne ke sa tsigar jiki tashi. Ta 2010, wadda aka zana a kwamfuta bisa fuskar Natalia Vodianova, sauri gare ta kamar walƙiya, kuma da yawa sun ce ta fi kama da abin wasan bidiyo.

Akwai wani ɗan wuri da ya ƙara tunzura su. A tsohon fim akwai Bubo, mujiyar ƙarfe mai ban dariya. A sabon, Fasiyus ya zaro ta daga cikin kayan yaƙi ya tambayi mece ce, aka ce masa ya bar ta nan. Wasu sun ɗauke shi gaisuwa ga na baya, wasu kuma raini. Matasan da ba su san na 1981 ba ko a jikinsu, kuma daga cikinsu ne aka fi samun masu yabon faɗan kunamai da fitowar Kiraken daga ruwa.

Shi ma Worthington bai tsira ba. An yi ta zolayar askinsa irin na sojan zamani a tsakiyar Girkawa masu dogon gashi, da harshensa na Ostireliya da ke leƙowa, da fuskar da ba ta cika sauyawa ba. Daga baya ya amince a hira cewa fim ɗin bai gamsar da wasu ba, kuma shi ma da ya iya yin abin da ya fi haka. Mikkelsen da Fiennes ne suka fi samun yabo.

Saɓa wa tatsuniyar asali

Masu karatun adabin Girka sun lissafa nasu. Kiraken ba na Girka ba ne, daga almarar masu jiragen ruwan Sikandinebiya ya fito. Dodon da Fasiyus ya kashe sunansa Ketos. A ruwayar marubucin Girka Afolodoros da ta mawaƙin Rum Obid, Fasiyus da takalma masu fiffike ya tashi, doki mai fiffike Fegasus kuwa daga jinin Madusa ya fito, Belerofon ne mahayinsa. Akirisiyus kakan Fasiyus ne, fim ɗin ya mai da shi mijin uwarsa. Andiromida gimbiyar ƙasar da Girkawa ke kira Itiyofiya ce, ba ta Argos ba, kuma ita Fasiyus ya aura, alhali fim ɗin ya ƙare da shi tare da Iyo, wadda a tatsuniya kakar kakanninsa ce. An ma shigo da aljanu na al'adar Larabawa, shugabansu Shehu Sulaiman, abin da ba shi da tushe a Girka. Su kansu Titan ɗin da sunan fim ɗin ya ambata, wato magabatan su Ziyus, ba su fito ba.

Wannan ƙorafi ya fi sauran rauni. Girkawan da kansu ba su da ruwaya guda. Kowane gari da kowane mawaƙi da tasa, kuma haɗa Fasiyus da Fegasus ya daɗe a zane-zanen Turai tun ƙarnuka kafin a ƙirƙiro sinima. Kiraken ma gadonsa aka yi daga fim ɗin 1981, wanda masu sukar ke yabo. Inda suke da gaskiya shi ne batun Andiromida: an shafe fim ana neman ceton mace da jarumin bai damu da ita ba. An ɗauki wani ƙarshen da ya haɗa su, an sa shi cikin faifan Blu-ray.

Abin da ya biyo baya

Jimla ɗaya ta fi fim ɗin tsawon rai: umarnin da Ziyus ya bayar a saki Kiraken, wanda aka sa a tallan fim ɗin tun kafin ya fito. Ya zama abin barkwanci a intanet, har mujallar Time ta sa shi cikin kalaman da suka fi tashe a 2010.

Cinikin ya isa a yi kashi na biyu. Wrath of the Titans ya fito a Maris 2012 ƙarƙashin Jonathan Liebesman, Worthington ya bar gashi, aka kuma tsara ɗaukar tun farko da niyyar juyawa zuwa 3D. Masu kallo da dama sun ce hoton ya fi kyau, amma kuɗin da ya tara ya sauko zuwa kusan dala miliyan 300, aka jingine shirin kashi na uku.