Jodo Shinshu: wane littafi mutum zai fara ɗauka?

Wani ƙanina da ke karatun addinan duniya ya turo min saƙo kwanaki, wai an ba shi aiki ya yi rubutu kan addinin Buddha a Japan, ya shiga intanet ya yi ta lalube amma duk inda ya danna sai Zen, Zen, Zen, har ya fara zaton Japanawa ba su da wata ɗarika sai ita. Na ce masa ya ɗan ajiye Zen ɗin nan ya leƙa Jodo Shinshu, wadda ake cewa Shin a taƙaice. Tambayoyin da ya yi ta jero min ne na haɗa a nan da amsoshin da na ba shi.

Yaya, mece ce ita Jodo Shinshu ɗin, kuma ya aka yi ban taɓa jin sunanta ba?

Ita ce ake lissafawa a matsayin ɗarikar Buddha mafi yawan mabiya a Japan, ka ga kuwa ba ƙaramar aba ba ce. Wanda ake danganta ta da shi sunansa Shinran, an haife shi 1173 ya mutu 1263. Tun yana shekara tara aka kai shi zaman zuhudu, ya yi shekara ashirin a dutsen Hiei kusa da Kyoto yana ta ibada da horar da kai, a ƙarshe ya ga bai kai ko'ina ba, sai ya sauko a 1201 ya bi wani malami Honen da ke koyar da cewa ambaton sunan Buddha Amida ya wadatar. A 1207 hukuma ta hana wannan koyarwa, aka kore shi zuwa lardin Echigo, aka tuɓe masa rigar zuhudu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya riƙa cewa shi ba ɗan zuhudu ba ne kuma ba gama-gari ba ne, har ma ya laƙaba wa kansa suna Gutoku, wato wawa mai askakken kai.

Dalilin da ba ka ji ta ba kuwa, Turawa ne suka fi rubuta abin da muke karantawa, su kuma abin da suke nema a wajen Buddha shi ne zaman shiru da tattara hankali, sai suka tarar Shin ba ta dogara da wannan ba, malamanta ma aure suke yi, maganarta duk dogaro ce ga alherin Amida, sai ta yi musu kama da Kiristancin da suka baro a gida. Tun ƙarni na 16 ma 'yan mishan na Katolika da suka je Japan sun kwatanta ta da koyarwar Martin Luther. Galen Amstutz ya yi littafi guda kan wannan wofintarwa, Interpreting Amida, a 1997, amma ba da shi za ka fara ba.

To da wanne zan fara?

Ni dai River of Fire, River of Water na Taitetsu Unno zan miƙa maka, ya fito a 1998. Marubucin malamin ɗarikar ne kuma ya daɗe yana koyarwa a Amurka, saboda haka ya san inda baƙo ke tuntuɓe. Babi-babi ne gajeru, Turancin mai sauƙi, yana kawo labarai da waƙoƙi na talakawa masu bin tafarkin. Sunan littafin daga wani misali ne na malamin ƙasar Sin, Shandao: matafiyi ya tsinci kansa tsakanin kogin wuta da kogin ruwa, wato fushi da kwaɗayi, ga wata 'yar siririyar farar hanya a tsakiya, ana kiransa daga ƙetare ya taho. In ka riƙe wannan hoton to ka riƙe rabin ɗarikar.

In kuma kai mai son tambaya da amsa ne kamar yadda muke yi yanzu, akwai Ocean na Kenneth Tanaka, na 1997. Sai dai ka sani duka biyun 'yan gida ne suka rubuta, suna son ka fahimta kuma suna son abin ya burge ka, don haka kar ka ɗauke su a matsayin littattafan tarihi.

Ba wani abu na shi Shinran ɗin da kansa da zan iya karantawa?

Akwai Tannisho, kuma gaskiya nan ne daɗin yake. Ba shi ya rubuta ba, yawancin masana na cewa almajirinsa Yuien ne ya rubuta bayan rasuwarsa, saboda ya ga mutane sun fara karkatar da maganar malam, sunan ma ma'anarsa kuka kan saɓa wa koyarwa. Sashe 18 ne kawai, a zama ɗaya sai ka gama, goman farko maganganun Shinran ne kamar yadda Yuien ya ji su, sauran kuma raddi ne ga masu kuskure. A sashe na uku ne za ka ci karo da maganar da ta fi shahara, cewa mutumin kirki ma yana samun shiga Tsarkakkiyar Ƙasa, wato duniyar Buddha Amida, balle mugu. E, haka take, ba juya ta na yi ba. Abin da yake nufi shi ne mai ganin kansa nagari yana jingina da aikinsa ne, shi kuwa wanda ya san ba shi da komai ya fi kusa da sakin jiki ga alkawarin Amida na karɓar mai ambaton sunansa. Tun Shinran na da rai wasu suka ɗauki irin wannan magana a matsayin lasisin aikata ɓarna, shi kuma ya ba su amsa cewa don akwai makari ba a shan guba. Rennyo, shugaban ɗarikar na takwas, sai da ya rubuta gargaɗi a ƙarshen kwafinsa cewa kar a nuna wa kowa da kowa littafin. Shi ya sa na ce ka fara da Unno tukuna, wanda ma yana da tasa fassarar Tannisho ɗin.

Wani waje da nake so a ciki shi ne sashe na tara, inda Yuien ya ce wa malam shi fa yana ambaton sunan amma ba ya jin wani farin ciki, kuma ba ya ɗokin tafiya Tsarkakkiyar Ƙasar, sai Shinran ya ce ai shi ma haka yake ji. Ba kullum kake ganin babban malami ya faɗi irin wannan a gaban almajiri ba.

Na ga ana ambaton Kyogyoshinsho, ba shi ne babban littafin ba?

Shi ne, amma ka bar shi sai gaba. Babi shida ne, da tsohon Sinanci aka rubuta, mafi yawansa ciro-ciro ne daga nassosi da sharhin magabata, Shinran na saka baki nan da can. Wanda ya fara da shi kamar yaron da bai gama Ahalari ba ne aka ɗora masa Muhtasar.

Kuɗin littafi fa? Ka san yadda dala take.

Na sani. Fassarar dukkan rubuce-rubucen Shinran da Nishi Hongwanji, ɗaya daga cikin manyan rassan ɗarikar, ya fitar a 1997, The Collected Works of Shinran, tana nan a intanet kyauta, har da Tannisho da wasiƙunsa, kuma wasiƙun nan sun fi komai sauƙi don amsa yake ba manoma da almajirai na yankin Kanto. Sannan akwai wata ƙungiya ta Japan, Bukkyo Dendo Kyokai, ana ce mata BDK, wadda Yehan Numata mai kamfanin Mitutoyo ya kafa a 1965, tana sakin fassarorinta a PDF kyauta, ciki har da nassosi uku na Tsarkakkiyar Ƙasa da Hisao Inagaki ya fassara. A babban cikinsu ne za ka ga alkawura 48 na Amida, na 18 shi ne ginshiƙin komai.

Akwai kalmomin da za su iya ruɗa ni?

Sosai ma, kuma mu Hausawa muna da namu tarkon daban. Na farko, da gangan nake cewa Tsarkakkiyar Ƙasa, don in na ce ƙasa mai tsarki hankalinka Makka zai tafi. Kuma kar ka fassara ta da aljanna, ba gidan sakamako ba ce, a wajen Shinran haihuwa a can na nufin kaiwa ga cikar wayewa, daga nan a dawo a taimaki sauran halittu. Amida ma ba mahalicci ba ne kuma ba ya yi wa kowa hisabi, sunan na nufin haske da rai marasa iyaka.

Na biyu nembutsu, wato faɗin Namu Amida Butsu. Za ka ji kamar ka ce ai wuridi ne, amma Shinran bai ɗauke shi abin ƙirgawa don tara lada ba, mabiyansa na ɗaukarsa a matsayin godiya. Sai jiriki da tariki, ƙarfin kai da ƙarfin wani, wato na Amida, duk rigimar a nan take. Sai shinjin, wadda tsofaffin fassarori ke mayarwa imani irin na Kirista, amma masu fassarar 1997 suka bar ta da Japananci saboda a wajen Shinran ba abu ne da kai kake ƙoƙarin samarwa ba, ba ka ake yi. In ka ga littafi na ta maganar ceto da alheri da bishara, kamar Shinran's Gospel of Pure Grace na Alfred Bloom na 1965, littafi ne mai kyau kuma ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa, amma ka tuna da kalmomin coci yake magana.

Malaminmu tarihi ya fi so, ina zan samu?

James Dobbins. Yana da littafi na 1989 kan ɗarikar a Japan ta tsakiyar zamani, a nan za ka ga yadda Rennyo, 1415 zuwa 1499, ya mayar da ƙaramin haikalin Honganji babbar cibiya ta hanyar rubuta wasiƙu cikin harshen talakawa, da yadda mabiya suka yi bore suka ƙwace lardin Kaga a 1488, daga baya suka yi shekara goma suna gwabzawa da babban jagoran yaƙi Oda Nobunaga, 1570 zuwa 1580. Mutanen da ke cewa ba su da ƙarfin kansu fa ke nan.

Amma wanda na fi so nasa shi ne Letters of the Nun Eshinni na 2004. Eshinni matar Shinran ce, a 1921 aka gano wasiƙunta guda goma a ma'ajiyar Nishi Hongwanji, waɗanda ta rubuta wa 'yarsu Kakushinni, kuma kafin nan har akwai masu shakkar ko an taɓa yin wani mutum Shinran. A ciki tana maganar yunwa da bayi da tufafi da tsufa, da mafarkin da ta yi game da mijinta.

Na ga Nishi na ga Higashi, wanne ne na gaskiya?

Duka biyun. A 1602 aka raba Honganji gida biyu da hannun Tokugawa Ieyasu, mai ƙarfin iko a Japan a lokacin, Nishi na yamma, Higashi na gabas, kuma rabuwar ta gado da siyasa ce fiye da aƙida, har yau suna nan a Kyoto da ƙafa ma sai ka je daga wannan zuwa wancan. In kana son gane na wane gida ne littafin da ke hannunka, duba rubutun sunan, Nishi kan saka w su rubuta Hongwanji, kuma wasiƙun Rennyo su Gobunsho suke ce musu, 'yan Higashi kuma su ce Ofumi.