Ƙuri'ar farko da gardamar jam'iyya: tambayoyi kan matasan Yamai

Su wane ne suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 2020-2021?

Waɗanda suka cika shekara 18 bayan zaɓen 2016. Sun yi rajista a kundin da aka ɗauki hoto da zanen yatsa, mai ɗauke da mutum wajen miliyan 7.4. Ranar 27 ga Disamba 2020 suka tarar da ƴan takara 30. Babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai aka koma zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Bazoum Mohamed na PNDS-Tarayya da Mahamane Ousmane na RDR-Tchanji.

Me ya sa gardamar ta yi zafi haka a Yamai?

Tun kafin zaɓe zukata sun ɗau zafi. A watan Nuwamba 2020 kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da takarar marigayi Hama Amadou, jagoran ƴan adawa, alhali jam'iyyarsa ta Lumana na da ɗimbin magoya baya a birnin. Ya ce a bi Ousmane, mutanensa suka bi. Tahoua kuwa, jihar da shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya fito, an san ta da Tarayya, jam'iyya mai mulki. To ɗalibin da ya baro Illela ko Ƙonni ya zo karatu jami'ar Abdou Moumouni, a fada ɗaya yake shan shayi da ɗan unguwar da bai ƙi a kwana ana kushe gwamnati ba. Kafin a sauke shayi na biyu murya ta tashi.

Da hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana ranar 23 ga Fabrairu cewa Bazoum ne ya ci, aka fita zanga-zanga. An ƙona tayoyi da gidaje, mutum biyu suka rasa rayukansu, aka katse intanet kwana da kwanaki. Daga baya kotu ta tabbatar wa Bazoum kashi 55.66 cikin ɗari. Mafi yawan waɗanda suka sha hayaƙi mai sa hawaye a titi matasa ne, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Ra'ayin kansu suka bi, ko na gida?

Da yawa sun gaji jam'iyya ne daga uba ko kawu. Wannan ba abin kunya ba ne, a gida kowa ke fara jin siyasa. Inda matsalar take shi ne yaro ya iya zagin ɗan takarar wani, amma a tambaye shi me nasa ya ce game da tsaron Tillaberi, ko malaman makaranta ƴan kwantiragi, ko aikin yi ga mai digiri, ya yi shiru. Sai gardama ta gangara kan asali da ƙabila, saƙonnin murya na WhatsApp suna ƙara mata wuta.

Rashin biyayya ne ka zaɓi wanda mahaifinka ba ya so?

A'a. Don haka aka keɓe wurin da mutum zai shiga shi kaɗai ya zaɓa. Kana iya cewa, "Baba, na ji bayaninka, Allah ya ba mu mai alheri," ka je ka bi abin da hankalinka ya kwanta da shi. Abin da bai dace ba shi ne ɗaga masa murya gaban jama'a saboda ɗan takara.

Su shugabannin jam'iyyun, gabar tasu ta dindindin ce?

Nan nake so matashi ya tsaya ya duba tarihi da kyau. A 1993 Issoufou ya mara wa Ousmane baya suka kayar da marigayi Tandja Mamadou, ya zama firaminista, amma a Satumba 1994 ya ajiye muƙamin suka raba gari. A 2011 Hama Amadou ya goyi bayan Issoufou a zagaye na biyu, ya zama shugaban majalisar dokoki. A 2013 suka ɓata, a 2016 kuma daga gidan kason Filingue Hama ya yi takara da shi. Seini Oumarou, wanda ya kara da Issoufou a 2011, shi ne ya kawo wa Bazoum ƙuri'un MNSD-Nassara a 2021.

Su suna ɓatawa su shirya gwargwadon lissafin siyasa. Amma akwai abokan da suka daina gaisawa, akwai wanda ya ƙi zuwa sunan ɗan wansa saboda zaɓe. Ƙasar da ake wasan dangi tsakanin ƙabilu, har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2014, bai kamata ta kasa jure saɓanin ƙuri'a ba.

Kenan a bar gardamar siyasa gaba ɗaya?

Ko kusa. Matashin da ba ya gardama, shi ake saye da riga da jaka biyu ranar gangami. A yi ta da hujja: me aka yi alkawari, me aka cika, nawa aka kashe.

Yanzu fa, yaushe ƙannensu za su yi zaɓe?

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 2025, an rantsar da Janar Abdourahamane Tiani ranar 26 ga Maris don wa'adin shekara biyar da ake iya sauyawa bisa yanayin tsaro, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Duk wanda ya cika shekara 18 bayan Fabrairu 2021 bai taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba.