A Yi Wa Kaji Rigakafin Fakat Kafin Hunturu Ya Kankama

Iyayenmu mata, da ku nake, domin a karkara kajin gida naku ne. Kaza ce kuɗin magani idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka. Shi ya sa nake jin ciwo duk shekara, da iskar hunturu ta fara kaɗawa, in shiga gida in tarar da akurki wayam.

Kun san alamun fakat. Kaza ta takure a gindin rumbu, ta saki fukafukai kamar ta yafa zane, tana gyangyaɗi. Kashinta ya koma kore, numfashi da ƙyar, wata har wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo, an kwashe su.

Na san ana jiƙa ɓawon maɗaci, ana daka barkono, wasu su fasa kafso a ruwan sha. Ba raini ba ne, amma fakat ƙwayar bairos ce, kafso ba ya kashe ta. Idan ta riga ta shiga jiki babu magani, sai mai sauran kwana ta tashi.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wanda ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga tsako ga zakara, sai a maimaita bayan wata 4. Lafiyayyu ake ɗiga wa, ba masu ciwo ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta, ku kira malamin dabbobi a yi wa unguwa rana ɗaya.

Sai maganar kasuwa. Don Allah a daina garzayawa da kaza mai ciwo a sayar da araha, annoba ake kai wa gidan wani. Wadda kuka sayo kuwa, ku keɓe ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Agwagi kan ɗauki cutar ba tare da sun nuna ba, a raba musu makwanci. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefa a juji kare ya ja ta gida-gida.