Gyaran gidajen haya a Jos

Gyaran gidan haya shi ne aikin da mai gida, ko wanda ya sayi gida domin ya zuba 'yan haya, yake yi don maido da ginin yadda za a zauna cikinsa lafiya, ko don ɗaga darajarsa. Masu harkar suna bambanta gyaran dole, wato toshe yoyo da ɗinke tsagewar bango da kwashe masai, da kuma ƙarin inganci, kamar sa tayil ko fitar da banɗaki a cikin ɗaki. Na farko hakki ne a wuyan mai gida, na biyu kuwa jari ne da ake sa ran ya dawo ta kuɗin haya.

A Jos yanayi ne yake tsara aikin. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan farko kan zo da iska mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara. Saboda haka rufi ne abin fara dubawa, kuma da rani ake taɓa shi. A tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, inda wasu gidajen ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, yoyo yakan fara ne daga bakin ƙusa, inda tsatsa ta ci kwanon ta faɗaɗa hudar. Ruwan sai ya bi katako, ya bar tabo ruwan ƙasa a jikin silin, daga nan ya gangara cikin bango, har filasta ta kumbura ta riƙa ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa ta. Gogaggen kafinta ba ya tsayawa a kan kwanon da ya huje. Yakan ɗaga shi ya soka ƙusa a katakon da ke ƙasa, domin idan gara ko danshi sun cinye shi, sabon kwano ba zai sami abin kamawa ba, iskar Afrilu kuwa sai ta yaye shi.

Bayan rufi sai hanyar ruwa a ƙasa. Gidan da ba shi da indararo da dakalin siminti a gindin bango yakan tsotsi danshi daga tushe, alamarsa kuwa gansakuka da fentin da ke ɓarewa daga ƙasa. Unguwannin da ke bakin rafi, kamar Rikkos da ambaliyar Yulin 2012 ta yi wa mummunar ɓarna, sun fi bukatar a ɗaga dakali a kuma yashe magudana kafin damina. Aikin siminti a lokacin hunturu shi ma yana da sharaɗi, domin busasshiyar iska tana shanye ruwan filasta da wuri ta tsattsage, don haka magina suke yayyafa mata ruwa safe da yamma har kusan mako guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da abin da ido yake gani. Fenti yana da arha, yana kuma sa dillali ya sami ɗan haya da sauri, amma wanda ya biya kuɗin shekara ya tarar da ruwa yana ɗiga a kan katifarsa a watan Agusta ba zai sabunta ba, kuma watannin da ɗaki zai yi a rufe sun fi kuɗin kwano ciwo. Tsadar kaya ta ƙara tsananta wannan lissafi, tun da a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa.

A ɓangaren ƙarin inganci, abin da ya fi ɗaga haya shi ne ruwa da wuta: rijiyar burtsatse da tanki, sai mitar kati ga kowane ɗan haya daga kamfanin raba wutar lantarki na Jos, wadda take kashe rigimar rabon kuɗin wuta a gidan yawa. A kewayen Jami'ar Jos, wajen Naraguta da Farin Gada, ana yawan mayar da tsofaffin ɗakuna su zama masu banɗaki da wurin girki a ciki saboda ɗalibai.

Duk gyaran da zai taɓa ƙashin gini, kamar rushe bango mai ɗauke da nauyi ko ɗora bene a kan tsohon harsashi, yana bukatar injiniya da amincewar hukumar raya birnin Jos, wato JMDB. Batun ya ƙara ɗaukar hankalin jama'a bayan 12 ga Yulin 2024, ranar da benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji, mutane 22 suka rasu. Ƙananan abubuwa kuwa, irin su ƙwan fitila da kan famfo da gilashin da ya fashe, bisa al'ada ɗan haya ne yake ɗauka, kuma masu gida da dama sukan rubuta wannan rabo a takardar yarjejeniya tun kafin su miƙa makulli.