Gesa Krause: amsa ɗaya tak, don Allah kada a sake tambaya

Wace ce ita?

Bajamushiya ce, an haife ta a 1992. Tana tseren mita 3000 na tsallake shinge da ramin ruwa.

Ta taɓa cin zinare a Olamfik?

A'a. Ta zo ta 6 a Rio a 2016, ta 5 a Tokiyo. Kuma kafin ku ce "ashe ba wata tsiya", ku tsaya. Wannan tsere ne da 'yan Kenya da maƙwabtansu suka kankane, amma ta kutsa cikinsu ta ɗauko tagulla a gasar duniya har sau biyu, a Bejin a 2015 da Doha a 2019. A Turai kuwa zinare biyu ta ci, Amsterdam 2016 da Berlin 2018. Wanda bai taɓa zagaya fili sau ɗaya ba shi ne ya fi kowa raina tagulla.

Shinge nawa ake tsallakewa?

28, da ramin ruwa sau 7. Tsayin shingen mata santimita 76.2.

In an buge shi yana faɗuwa?

Ba ya faɗuwa. Kai ne za ka faɗi.

Ina son in gwada. A bakin ruwa, in taka shingen ko in tsallake shi gaba ɗaya?

To, wannan ba ta da amsa guda. Yawancin masu tsere takawa suke yi: ka ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon, ka dunƙule jiki kada ka miƙe tsaye, ka tura kanka gaba, ka sauka da ɗaya ƙafar kusa da ƙarshen ramin. Dalili shi ne ramin, mai tsawon mita 3.66, ya fi zurfi a gindin shingen, yana ta raguwa har ya haɗe da fili. Wanda ya faɗa gindin sai ya yi ta fama da ruwa har gwiwa, abokan tsere sun yi gaba.

Akwai masu tsallakewa ba tare da sun taka ba, kuma wani lokaci yana rage musu ɗan lokaci. Amma yana cin ƙarfi, kuma abin da ƙafa ta iya a zagaye na farko ba lalle ta iya a na bakwai ba. Ya danganta da tsayinka, da saurin da ka iso da shi, da cunkoson da ke gabanka, don a cikin taro ba ka ma ganin katakon sai ka zo dab da shi. In da ni ne kai, takawa zan fara koya, a ramin yashi na masu dogon tsalle, da mai horarwa a gefe. Kada ka je ka jera bencin makaranta a kan siminti. Idon sawu ba ya yafiya. Kuma kwantar da hankalinka, jiƙa ƙafa ba abin kunya ba ne, manyan ma suna jiƙawa.

Gaskiya ne ta faɗi a Landan?

Gaskiya ne, a gasar duniya ta 2017. Beatrice Chepkoech ta Kenya ce ta faɗi a gabanta, Krause ta yi tuntuɓe da ita. Ta tashi ta ƙarasa ta 9. Bayan shekara biyu, a Doha, Chepkoech ta ci zinare, Krause ta gama a minti 9 da daƙiƙa 3.30, ta kafa tarihin Jamus. Wannan lokacin nake so ku riƙa tambaya a kai.

Haihuwa ba ta kawo ƙarshen tserenta ba?

Wa ya ce? Ta haifi 'yarta a 2023, a 2024 ta ci azurfa a gasar Turai a Roma, bayan Alice Finot ta Faransa.

Me ya kai ta atisaye Kenya?

Tuddai. Iska ba ta da yawa a can sama, jini ya saba.