Maganin tsutsar cikin da ake rabawa yara: wai dole ne?

Tun shekaranjiya ake ta tura wata murya a WhatsApp wai a hana yara zuwa makaranta don za a ba su ƙwayar hana haihuwa. Maƙwabciyata nan Ƙofar Ƙaura har ta kulle yaranta uku a ɗaki, ta ce min "Maman Abba, ni fa ban yarda da abin kyauta ba." Ban ga laifinta ba, waɗanda suka san abin da kamfanin magani na Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da ya gwada sabon magani a kan yara, ba za su daina tsoro ba. Amma wannan fa daban ne.

Ƙwayar albendazole ce ko mebendazole, irin wadda kike saye a kemis da kuɗinki in yaro ya fara kashin tsutsa, ba allura ba ce, taunawa ake yi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya wadda Najeriya ke bi ta ce duk yankin da yara 20 cikin 100 ke da tsutsa a ba kowa sau ɗaya a shekara, in sun kai 50 cikin 100 sau biyu. 'Yan shekara 1 zuwa 5 a makon lafiyar mata da yara, 'yan 5 zuwa 14 a makaranta.

Inda mutane ke rikicewa shi ne, don me za a ba yaro magani ba a gwada shi ba, kuma lafiyarshi lau? Ai tsutsa ba ta sallama, yaro na yawo yana wasa ita kuma tana ciki tana shan jininshi tana cinye abincin da kika wahala kika dafa, sai dai ki ga ya ɗashe, ciki ya yi tulu, a aji sai gyangyaɗi. Gwajin kashin kowane yaro ya fi ƙwayar tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ba kowa.

Batun wai za a kori yaro ko a ci tarar uba in ya ƙi, babu wannan, ba tilas ba ne. Ƙa'idar ma hani ta yi wa masu rabon: ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba yaron da ke kwance da ciwo, wanda bai kai shekara biyu ba rabin albendazole za a ba shi kuma a murƙushe kada ya shaƙe. In kin ga an tsallake wannan, nan ne kike da haƙƙin yin magana. Ciwon ciki kaɗan ko tashin zuciya na iya zuwa ya wuce. Maganin tsargiya kuwa, da shi ma ake rabawa a makaranta, wanda ake auna tsawon yaro da sanda don sanin adadin da za a ba shi, wannan sai ya ci abinci tukun, kada ki tura shi da yunwa.

Abin da ke ci min rai shi ne almajirai, su da ke yawo ba takalmi, suna ci da hannun da babu sabulun wankewa, su ne rabon ya fi tsallakewa don ba su cikin rajistar firamare. In masu rabo sun shigo unguwarku, a yi wa malamin tsangaya magana ya fito da su.