Waiwaye: Gidan Battenberg da dokar auren tsara a sarautun Jamus

Kafin yaƙin duniya na farko, gidajen sarautar Jamus sun ɗauki zancen nan na ƙwarya ta bi ƙwarya suka mayar da shi doka. Ɗan gidan da ke riƙe da mulki ba ya auren kowa sai 'yar gidan da ake lissafa shi tsaran nasu, kuma a 1815 yarjejeniyar tarayyar ƙasashen Jamus ta tabbatar wa tsofaffin gidajen da suka rasa ƙasashensu a zamanin Napoleon cewa har yanzu tsararraki ne a sha'anin aure. Wanda ya auri wadda ba ta kai ba, aurensa halal ne a coci, amma matar ba ta samun sarautar miji, 'ya'yan kuma ba su da gadon karaga. Jamusawa na kiran wannan auren hannun hagu, saboda hagu ango ke miƙa wa amarya wajen ɗaurin auren.

Irin auren da ya haifi zuriyar Battenberg ke nan. Yarima Alexander na Hesse, ɗaya daga cikin masarautun Jamus, yana aikin soja a Rasha, inda ƙanwarsa Marie ke auren magajin sarki, sai ya kamu da son Julia Hauke, ɗaya daga cikin matan fada masu yi wa Marie hidima. Julia marainiya ce, domin an kashe mahaifinta, wanda janar ne, a boren Warsaw na 1830, kuma ko da yake gidansu na da muƙami, bai kai na masu mulki ba. Suka bar Rasha, aka ɗaura aure a Breslau a 1851. Wan Alexander, Ludwig na Uku mai mulkin Hesse, ya ba ta sunan Battenberg, wani ƙaramin gari a ƙasarsa, sannan ya ɗaga ta zuwa gimbiya a 1858, ba tare da an buɗe wa 'ya'yanta ƙofar gado ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda waɗanda aka rufe wa ƙofar gida suka sami ta waje a buɗe. Fadar Ingila ba ta da wannan doka, kuma Sarauniya Victoria ba ta ga aibin asalinsu ba. Louis, babba cikin 'ya'yan Julia maza, ya auri jikarta a 1884, ƙaninsa Henry ya auri autarta Beatrice a 1885, wani ƙanin kuma, Alexander, ya mulki Bulgeriya daga 1879 zuwa 1886. Henry ya bi rundunar Ingila yaƙin Asante, a Ghana ta yau, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu cikin jirgin ruwa a 1896. Bayan shekara 10, 'yarsa ta zama sarauniyar Sifaniya.

Yaƙi ne ya raba su da sunan. Louis ya kai shugaban rundunar ruwa ta Birtaniya a 1912, amma ƙyamar Jamusawa ta tilasta masa ajiye aiki a 1914, bayan hidimar shekara fiye da 40, kuma wannan rashin adalci ne bayyananne. A 1917, shekarar da gidan sarautar Ingila ya sauya sunansa zuwa Windsor, shi ma ya mayar da sunansa Mountbatten. Ɗansa ne wakilin sarki na ƙarshe a Indiya, jikansa Philip kuma ya auri Elizabeth a 1947, saboda haka Sarki Charles na Uku jinin Julia ne.

A Jamus kuwa, tsarin mulkin 1919 ya soke fifikon 'yan sarauta a gaban doka, muƙamansu suka koma sashe na sunan iyali. Gidan Hesse na Darmstadt da ya ware su ya rasa shugabansa da 'ya'yansa maza a hatsarin jirgin sama kusa da Ostend a 1937, namijin ƙarshe a gidan kuma ya rasu a 1968 bai bar ɗa ba.